Jikata Ta Riga Jirgina Sauka a Dakar

Tun da na dawo daga Dakar ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a gidan biki, har a ƙofar ɗakina in mace ta zo awon gero, sai ta ajiye kwano ta ce, "Hajiya Kulu, wai yaya ƙasar take?" Kafin in buɗe baki wata ta tari numfashina, "Ke dai faɗa muna yadda kika samu tikitin nan da araha." Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma na lura duk wadda ta fita da shi sai ta ƙara masa gishiri. Jiya ma aka ce mini wai kyauta aka ɗauke ni a jirgi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, tunda ban daɗe da ajiye allin koyarwa ba. Da Hausar makaranta zan rubuta, amma maganar Alhaji maigidana ba ta rubutuwa sai da bakinsa.

Gidanmu na mahauta ne. Ɗiyata ta uku, Luba, tana auren Bashiru, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya bi wani kawunsa Dakar yana gashin nama har ya buɗe wurinsa. Da Luba ta samu ciki, kowa ya ɗauka gida za ta zo goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Sai ƙafafunta suka dinga kumbura, likita ya hana ta doguwar tafiya. Na ce to, in ɗiya ba za ta zo ba, uwa za ta je.

Sau ɗaya na taɓa shiga jirgi, da na je Hajji, kuma a lokacin ba ni na sayi komai ba, sunana kawai aka kira na tashi. Don haka kafin azumi ya kama na hau keke napep zuwa Gidan Igwai, wurin wani ejan mai sayar da tikiti, Malam Sanusi. Ofishinsa na saman wani shagon magani. Mutum ne mai furfura da son magana. Ya juyo mini fuskar kwamfuta ya nuna mini hanyoyi. In na bi ta Abuja da Legas, jirgi uku zan hau, kuɗin kuwa ya isa sayen saniya mai ciki. In na ce zan rage ta hanyar shiga mota zuwa Abuja, kowa ya san halin da hanyar take ciki. Sai ya ce, "Hajiya, kin manta Yamai ta fi Abuja kusa da ke? Ki bi Illela ki tsallaka Ƙonni. Daga Yamai jirgi ya kai ki Lome, wani ya ɗauke ki zuwa Dakar."

Na ce in saya yau ke nan?

Ya ce, "A'a. Da sauran lokaci sosai, yanzu kamfani bai fara neman mai saye ba. Ki bari, amma ki sa ido."

Da na koma gida na faɗa wa Alhaji, sai ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, mi kike ma gaggawa? Ni nama nike saidawa. Naman da yak kai la'asar bisa tebur, mai shi ka roƙon mai saye. Jirgi ma haka na. In yag ga za shi tashi da kujeru wofi, dole shi karya kuɗi. Ki bari sai ana gobe tahiya."

Na ce, "Ni kuwa hatsi nake saye. Wanda ya jira damina ta yi tsakiya kafin ya nemi gero, ya san abin da ya gamu da shi."

Muka yi ta wannan gardama har na gaji na ja shi zuwa Gidan Igwai. Malam Sanusi bai yi musu da shi ba. Nuna masa kawai ya yi kuɗin jirgin da zai tashi washegari, sannan ya nuna masa na wanda zai tashi nan da wata biyu. Na gobe ya ninka ɗayan har da ɗori. Alhaji ya cire hula ya sosa kai.

Malam Sanusi ya ce, "Alhaji, wanda ya zo neman tikitin gobe, dole ce ta kawo shi. Ko rasuwa, ko asibiti, ko ɗan kasuwar da kayansa ke jira. Kamfani ya san ba zai fasa ba, don me zai rage masa?"

Alhaji ya mayar da hularsa ya ce, "Ashe waɗanga mutane sun hi mu iya yanka."

A ranar ne Malam Sanusi ya gaya mini abin da ya gani a shekarun da ya yi yana wannan sana'a. Ya ce shi ba shi da wata rana ko wata sa'a da zai rantse mini a kanta, duk wanda ya ce yana da ita cika baki yake. Amma galibi sauƙin yana zuwa ne tsakanin wata uku da wata ɗaya kafin tafiya. Jirgin tsakiyar mako ya fi na Juma'a da Lahadi araha. Gab da kowace Sallah, da ƙarshen shekara, da lokacin dogon hutun makaranta, kuɗi sama yake yi, don kowa na son komawa gida. Ga kuma dala, wadda in ta motsa a kasuwar canji, tikiti ya motsa tare da ita.

Likita ya ba Luba ranar haihuwa kusan mako biyar bayan Babbar Sallah. Muka duba muka ga makon Sallah ba ya taɓuwa, amma mako biyu bayanta kuɗin yana faɗuwa, mutane sun gama zirga-zirga, aljihu ya bushe. Wata Laraba muka sa wa ido. Na lissafa na ga zan isa da sauran mako uku, in huta, in san gari, in shirya kayan jego. Malam Sanusi ya saka mini wani abu a waya da zai yi ƙara duk sanda kuɗin wannan rana ya canza.

Haka na yi azumi ina duban waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah kuɗin ya sauko. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya ko zai ƙara sauka. Washegari dala ta tashi, tikiti ya bi ta. Daga nan na yanke wa kaina wani kuɗi a zuciya, na ce duk ranar da ya taɓa shi ba zan sake jira ba, ko da zai ƙara faɗuwa bayan na saya. Wata Talata da hantsi ina auna wa wata mata wake, wayar ta yi ƙara. Na duba, na bar matar da mudun a hannu na ce ta ƙarasa da kanta, na yafa mayafi sai Gidan Igwai.

Kafin ya danna, Malam Sanusi ya ɗaga yatsa. "Hajiya, ki ji da kyau. Wannan mai araha ne, kuma araharsa da sharaɗi. Ba a canza masa rana, ba a mayar da kuɗi, jaka ɗaya tak ya ba ki, kuma za ki yi doguwar jira a Lome."

Na ce, "Danna." Da zuwa da dawowa na saya, na sa dawowar ta wuce arba'in ɗin jego. Bayan kwana biyu kuɗin ya hau, bai ƙara saukowa ba. Wayar kawai na ajiye wa Alhaji kusa da kwanon fura.

Da yake tikitin ba ya jiran kowa, na bar wa kaina kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Litinin bayan sallar asuba muka kama hanyar Illela, Alhaji ya raka ni don yana da mutane a karar shanu ta can. A bakin iyaka aka buga mini fasfo, aka duba katin rigakafi, muka yi sallama. A ɓangaren Ƙonni wani jami'in duwan, wato kwastan, ya sa aka buɗe jakata. Ya wuce kuka da daddawa da man shanu, ya ɗaga wani gwangwani ya ce, "Hajiya, mi na ciki?"

Na ce, "Yajin jego na. Ni na daka shi da hannuna, kada ka kai hanci."

Ya kai hanci. Atishawar da ya yi ta farko sai da hularsa ta faɗo. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, abokan aikinsa na riƙe da ciki. Da ya samu kansa ya share hawaye, sai ya sassauta murya ya ce matarsa ma jego take, ko zan ɗan sam mata? Na zuba masa a leda, ya rufe mini jakar da kansa ya ɗora ta a kan babur.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Ƙonni shi ne babbar motar Yamai. An rubuta lokacin tashi, kuma lokacin na yi ta tashi, ga kujeru ba kowa a baya. Mu a tashar Sakkwato sai an cika, an ƙara da na tsugune, direba ya je ya ci abinci ya dawo. Sai dai abin da suka rage a tasha sun mayar da shi a hanya, don kusan kowane babban gari sai kowa ya sauko ya nuna takarda. Wata dattijuwa mutuniyar Tawa ce kusa da ni, tana kai cuku Yamai. Da ta ji inda za ni da dalilin tafiyar, ta ɓantaro mini cuku ta ce in tauna, hanya da nisa. A Dogon Dutsi muka tsaya sallah, na sayi gasasshiyar zabuwa da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi. Bayansa tauri, cikinsa iska. Na kusa barin haƙori a jikinsa kafin dattijuwar ta nuna mini a shayi ake tsoma shi.

Gab da magariba muka shiga Yamai. Masaukina gidan wani mai kilishi ne, abokin cinikin Alhaji. Matarsa, Hajiya Zali, Bazabarma ce, tana Hausa tana haɗawa da Faransanci ba ta ma san ta haɗa ba. Ta ajiye mini dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto, ta zauna ta tsare ni sai da na ga ƙasan kwano.

Talata da safe muna karyawa Bashiru ya kira. Ya ce, "Inna, kada hankalinki shi tashi."

Na ajiye kofin. Na ce, "Faɗi."

"Faya ta fashe tun asuba. Muna asibiti."

Na ce ai da sauran mako uku. Ya ce haka likita ma ya ce.

Hajiya Zali ba ta tsaya tambaya ba, ta tare mana tasi sai ofishin kamfanin jirgin. Matar da ke wurin ta duba tikitina ta ce ko da mai canzuwa ne, jirginsu na yau ya riga ya tashi, na gaba shi ne nawa na gobe. Muka shiga wurin wani ejan. Ya ce akwai wani kamfani da zai tashi a ranar, ya bi da ni ta Maroko, in isa Dakar gobe da hantsi. Nawa kuwa zai sauka gobe da la'asar. Da Hajiya Zali ta juya mini kuɗin zuwa naira, zuwa kaɗai ya fi abin da na biya na zuwa da dawowa.

Na kira Alhaji. Mutumin da ya yi wata guda yana gardama da ni a kan ragi, ko numfashi bai ja ba. Ya ce, "Ki saya. Akwai bajimin da nis sawo Illela jiya, yanzu in mai da shi kara."

Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na zauna a kan bencin ejan na yi tunani. Tsakanin hantsi da la'asar ne duk abin da bajimin zai saya mini. Ni ba likita ba ce, ba ungozoma ba. Abin da ke cin raina ɗaya ne, kada yarinyar ta juya ta ga ba mace ko ɗaya a kanta. Na sake kiran Bashiru na ce wa ke tare da ita?

Ya ce, "Madam Jop, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene. Tun asuba ba ta matsa ba. Ga ta."

Sai na ji wata murya mai kauri ta cika mini kunne da yaren Wolof. Ta yi magana mai tsawo. Ban tsinci komai ba sai "Luba" da "in sha Allahu". Amma na san irin wannan murya. Muryar macen da ta haihu ce, ta kuma tsaya a kan haihuwar wasu, ba ta rawa. Can na jiyo Luba daga nesa tana cewa, "Inna, ki taho a hankali, ina lahiya."

Na kira Alhaji na ce ya bar bajiminsa. Ban yi nadamar wannan ba har yau. Amma kada wata ta ɗauka yinin ya zo mini da sauƙi. Hajiya Zali ta shimfiɗa tabarma kusa da tawa, ta ɗauko carbi, ba ta dame ni da ban baki ba.

Laraba da sassafe a filin jirgi aka ɗora jakata a sikeli, ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Kuɗin ƙarin da suka faɗa zai cinye rabin arahar da na yi wata biyu ina farauta. Na durƙusa nan gaban mutane na buɗe ta. Geron kunu na fara fitarwa, na miƙa wa Hajiya Zali da ke jira a waje. Kayan jariri suka koma jakar hannu. Zannuwa uku kuwa na shiga banɗaki na ɗaura su a kan wanda ke jikina. Na fito ina tafiya kamar buhun auduga, amma sikeli ya yarda.

Ana kiran shiga jirgi Bashiru ya sake kira. Har yanzu shiru. Likitoci sun ce in rana ta ɗaga ba ta sauka ba, aiki za su yi mata. Da wannan magana a kunnena aka ce kowa ya kashe waya. Abincin da suka kawo ko buɗe shi ban yi ba.

A Lome na kunna wayar, ba layi. Na yi ta zagaye ina ɗaga ta sama. Wata mata mai jiki, da zobba a kowane yatsa, ta dube ni ta ce, "Hajiya, daga Najeriya?" Hajiya Memuna ke nan, 'yar kasuwar atamfa daga Zangon Kumasi, Hausarta a miƙe ba lanƙwasa. Ta karɓi wayar ta haɗa mini da intanet ɗin filin jirgin. Saƙonni suka dinga faɗowa. Ita ta danna mini na Bashiru. Yana magana yana kuka. "Inna, ta sauka lahiya. Ɗiya mace. Ba a yi aiki ba."

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. A gida kunya ba za ta bar ni in yi wa haihuwar ɗiyata guɗa ba, amma a Lome wa ya san ni? Turawa suka waiwayo, wani mai gadi ya taho da sauri. Hajiya Memuna ta tare shi da Faransanci, ta nuna masa hoton jaririyar. Ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu. Doguwar jirar da aka tsoratar da ni da ita, da hira da biskit ɗin Hajiya Memuna muka cinye ta.

Filin jirgin Dakar yana da nisa da gari sosai. Bashiru ya zo da tasi. Na ga teku, na ce Allah mai iko, amma abin da ya fi ɗaukar idon matar mahauci shi ne ragunansu. Wasu sun kai maraƙi tsayi, kuma a saman bene ake kiwonsu. Kana tafiya a titi sai ka ji rago ya yi kuka daga sama. Bashiru ya ce har wanka ake kai su bakin teku, wani ma ba na yanka ba ne, na ado ne da gasa.

A asibiti na tarar da Luba kwance tana murmushi, kusa da ita wata doguwar mata baƙa, da ɗaurin kai kamar faifai, rungume da jikata. Madam Jop ke nan. Ta miƙe ta kama hannuna ta shiga gaisuwa ba ƙarewa. Su da sunan dangi suke gaisawa, a yi ta maimaita shi. Ta tambayi nawa, Luba ta ce mu ba mu da irin wannan. Sai ta sa mini "Sakkwato". Na gode mata har cikin zuciya. Amma da na ji Luba ta kira ta "Yai", na tambaya aka ce ma'anarsa Inna, sai na miƙa hannu in karɓi jikata. Kuma ta ɗan jima kafin ta miƙo mini jaririyar.

Da aka sallame su muka koma gida, ɗakuna biyu a hawa na uku. Ba tsakar gida, ba murhu, ba itace. A kan gas na dafa ruwan wanka, da ganyen darbejiyar da na tsinko a bakin titi, don itacen ya cika garin. Na juye a babban baho yana tururi. Madam Jop ta hawo, ta tsoma yatsa, ta yi ƙara, ta ɗauki bokitin ruwan sanyi ta antaya. Na ƙara na zafi. Ta ƙara na sanyi. Ba mai jin yaren wata, kowa na faɗa da nata. Muna haka bahon ya cika ya malale har falo, Bashiru ya ɗage tabarma ya gudu. Luba na riƙe da ciki tana dariya tana cewa mu bari, ciwo take ji.

Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, likita ya ce mai ɗumi, ba mai ƙuna ba."

Na ce na sani. A asibitocin Sakkwato ma an daɗe ana hana ruwa mai ƙuna da kunun kanwa, shi ya sa ko ƙwayar kanwa ban ɗauko ba. Amma ba a yi wa ɗiyata jego da ruwan wanke hannu. A ƙarshe Luba ta raba mana aiki. Safe nawa ne, da ruwa mai zafin da gwiwar hannu za ta iya jurewa. Yamma ta Madam Jop ce, ta yi mata tausa da man kaɗe, irin tasu ta masu jego, tun daga wuya har tafin ƙafa. Na tsaya ina kallo ina taɓe baki. A kwana na uku ta gama da Luba ta nuna mini tabarma. Na ƙi, ta nace. Bayan da ta bi bayana da waɗannan hannuwa nata, ciwon ƙugun da na kwaso tun daga motar Ƙonni ya tafi. Ni kuma na yi mata farfesun ƙafar saniya da yajina. Ta ci tana hawaye tana miƙo kwano.

Abincinsu shinkafa ce da kifi, cebujan suke ce mata, ja jawur da kayan lambu a sama, kuma tana da daɗi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne cin ta. Faranti ɗaya ake ajiyewa, maza da mata da yara kowa ya zagaye, uwargida na gutsuro kifi tana tura wa kowa gabansa. Ranar da Madam Jop ta gayyace mu na ga Bashiru ya zauna zai sa hannu inda zan sa, na ce a zuba mini nawa daban. A gabana ya girma, amma yanzu suruki ne. Shi ma na ga ya ji sanyi. Wurin sana'arsa kuwa na je na gani. Gashin nan namu ne na gida, a takarda da albasa da yaji, amma can layi ake yi masa, "dibi Hausa" suke kiransa.

Ranar suna Hausawan Dakar suka cika gidan, yawancinsu mahauta daga Sakkwato da Tawa da Maraɗi. Da safe Madam Jop ta kawo wani kunun gero mai kauri da nono da sukari a sama, wanda ba a suna a wurinsu sai da shi. Na tuna geron da na bari a Yamai na yi dariya ni kaɗai. Bashiru ya yanka ragonsa da kansa. Liman ya yi addu'a, aka aiko mana sama cewa sunan yarinya Hauwa'u.

Na sunkuyar da kai, don ai sunana ke nan, an yi mini takwara. Ina cikin jin kunya sai na ga Madam Jop ta yi tsalle tsakiyar ɗaki tana rawa, matan unguwa na tafa mata suna rungume ta. Na ce wa Luba, "Ita kuma murnar mi take da sunana?"

Luba ta rufe baki da mayafi ta ce, "Inna, ai sunanta Awa, Hauwa ke nan a bakinsu."

Na sa aka kira mini Bashiru bakin ƙofa. Na ce, "Kai, tsakaninka da Allah, wa kay yi ma takwara?"

Ya dube ni, ya dubi Madam Jop da ta taso ta tsaya bayana tana jiran amsa ita ma. Ya ce, "Inna, nama na ƙonewa," ya sauka bene da gudu. Har na baro garin bai amsa ba. Muka dubi juna ni da ita muka fashe da dariya. Tun daga ranar ta daina ce mini Sakkwato, ni ma na daina ce mata Madam. Awa nake kiranta, Awa take kirana. Yarinyar kuwa Jidda ake ce mata, tunda Luba ba za ta iya kama sunan ba.

Da yake haihuwar ta zo da wuri, ranar dawowata kuma ba ta canzuwa, sai na samu arba'in cikakku har da ƙarin makonni a kai. Na ga Luba ta miƙe ta koma girkinta, na ga Jidda ta fara bin mutum da ido.

Masu tambayar araha, ga abin da zan ce muku. Ku fara dubawa da wuri, ku guji makon Sallah, ku nemi tsakiyar mako, ku tambayi filin jirgin da ke maƙwabtaka da ku. Ku yanke wa kanku kuɗin da in ya kai za ku saya, kada kwaɗayi ya sa ku ƙara kwana. Ku sa a karanta muku sharaɗin kafin a danna. In kuwa haihuwa za ku tara, ku ƙara mako biyu a kan duk abin da kuka lissafa, jariri ba ya duba tikitin kowa.

Ranar da zan taho, Awa ta riga kowa saukowa bakin ƙofa. Ta sa an ɗora mini jaka a tasi, ta cusa mini ƙullin turaren wuta a jakar hannu. Na yi sallama da Luba, na sumbaci Jidda, na juyo na miƙa wa Awa hannu. Sai ta ɓoye damanta a baya ta miƙo mini hagu.

Na janye nawa. A Sakkwato ko yaro ya miƙo maka abu da hagu sai ka tsawata masa. Na ce wa Luba, "Mi na yi mata?"

Luba ta ce, "Ba ki yi mata komai ba, Inna. Haka suke sallama da wanda zai yi nisa. Da gangan ake yin ta ba daidai ba, don dole ku sake haɗuwa ku gyara."

Awa na tsaye, hannunta a miƙe, idonta ya cika. Mai tasi ya danna ham. Na mayar da jakata kafaɗar dama, na ba ta hagu.